Kunnen Baba

Mahaifina makaniken keken ɗinki ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani kamfani da ke ɗinka kayan 'yan makaranta da rigunan ma'aikata, kuma a cikin ginin nan babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Kunne suke ce masa, tun daga maigadi har mai kamfanin.

Ga yadda ya samo sunan. Zauren ɗinkin dogo ne, kekuna sittin a jere layi shida, kowane da telansa, yawancinsu mata. Idan aka kunna su gaba ɗaya da safe, ko na kusa da kai ba ka jin maganarsa. Baba sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya goya hannu a baya, ya rufe ido. Minti biyu, minti uku. Sai ya buɗe ido ya nufi layi na uku kai tsaye, ya ƙwanƙwasa teburin wata ya ce, "'Yar'uwa, ɗaga ƙafarki." Ita kuwa ba ta ga komai ba, ɗinkinta na tafiya lafiya lau. Zai zare allurar ya nuna mata ta ɗan lanƙwashe, da an ƙara rabin awa za ta fara tsinka zare ta ɓata mata wuyan riga goma. Telolin nan iya abin da ka ɗinka iya abin da za a biya ka, don haka keken da ya tsaya abincin gida ne ya tsaya. Dole kuwa su so shi.

A gida ma ba ya barin mu huta. Muna cin abinci zai fara kwaikwayon kukan kekuna: wanda bel ɗinsa ya saki, wanda ke neman mai, wanda zare ya naɗe masa ta ƙasa. Har murya yake canzawa. Inna ta ce, "Malam, ka ci abincin nan kafin ya huce, kekunan nan ba guduwa za su yi ba." Ya ce, "Ke ba ki san su ba ne, kowane da halinsa." Ƙannena su yi ta dariya har su ƙware.

Duk ƙarshen shekara mai kamfanin yakan tara ma'aikata a harabar gini, a jera kujerun roba, ya yi jawabi mai tsawo. Wasu shekarun sai a kira Baba, a miƙa masa allon katako mai sheƙi da aka rubuta wa "Gwarzon Ma'aikaci", a yi tafi, a ɗauki hoto. Alluna bakwai ya kwaso. Albashi kuwa yana nan inda aka ajiye shi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Bangon ɗakinmu ya cika har na bakwai ya rasa ƙusa, Inna ta mai da shi murfin bokitin ruwa. Da Baba ya gani sai ya ce, "To madalla, shi ma ya samu aiki."

Ni ce babba a gidan, ni ce kuma mai baki. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata, shi ya sa kuma nake gaya masa abin da ƙannena ba su isa su faɗa ba. Allunan nan haushi suke ba ni tun ina sakandare. Ina ganin yadda Inna ke juya tsofaffin kayan makarantata tana rage wa ƙanwata, a gidan mutumin da kamfaninsu ke ɗinka sababbi dubu a mako.

Shekarar da na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, magana ta fito fili. Albashin Baba ba zai ɗauki karatun ba, kuma wata ɗaya aka ba mu, ko mu biya ko a ba wani gurbin. Baba ya sa rigarsa mai kyau ya shiga ofishin mai kamfanin neman ƙari. Ya dawo da yamma fuskarsa a sake, har na fara murna.

Na ce, "Baba, ya ƙara?"

Ya ce, "Uwata, mutumin nan da kansa ya jawo mini kujera. Ya sa aka kawo shayi. Ya ce in babu ni, wajen nan rufewa zai yi. Ya ce ni ba ma'aikaci ba ne, ɗan gida ne."

"Ƙarin fa?"

"Ya ce kasuwa ba kyau, mu ga baɗi."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba, da tafi ake biyan kuɗin makaranta? In ɗebi allunan nan in kai musu, in ce ga shaidar ubana gwarzo ne? Shekara ashirin da biyu ana yi maka daɗin baki kana dawowa kana murmushi!" Inna ta daka mini tsawa, ta ce in na ƙara kalma ɗaya sai ta fasa mini baki. Ban ƙara ba, amma na riga na faɗi abin da zan faɗa. Baba ya cire rigarsa ya rataye, ya fita waje ya zauna.

Akwai wani sabon kamfani babba a can ƙarshen gari da ya daɗe yana neman makanikai, Baba yana cewa shi ba ya barin gida. Kwana uku bayan maganata ya je ya cike takarda. Ranar da zai bar tsohon wurin, telolin suka kashe kekuna suka rako shi har bakin titi, wasu na share hawaye da gefen mayafi. Mai kamfanin ya riƙe hannunsa ya yi ta cewa ya sake tunani, amma ko a lokacin bai ce zai ƙara ko sisi ba.

Albashin sabon wurin ya ninka na da. Ba zan raina wannan ba, kuma duk wanda ya ce mini kuɗi ba komai ba ne, na san bai taɓa tara roba a tsakiyar ɗaki lokacin damina ba. Aka gyara rufin. Inna ta daina raba ƙwayar maganin hawan jininta biyu don ya kai ƙarshen wata. Ni kuma na tafi makaranta da akwatina da farin takalmi. Duk wanda na samu sai na ba shi labari cewa ni na buɗe wa Baba ido, har ina yi wa ƙawayena lacca a kan kada su yarda a biya su da yabo.

Da na zo hutun farko Inna ta ja ni gefe ta ce, "Babanki ya daina surutu." Na lura kuwa. Yana cin abinci shiru, ya wanke hannu ya tashi. Ƙanena ya ce, "Baba, yi mana kukan keke mai neman mai." Ya ce, "Wani lokaci." Na ce wa Inna gajiya ce, wurin da nisa, ga shekaru. Na ba kaina wannan amsa ne saboda ita ta fi mini sauƙi.

A hutun shekara ta biyu, wata safiya ya fita ya manta tabarau ɗinsa a kan taga. Ba ya iya zura zare a allura in babu shi, sai Inna ta ce in kai masa. Na hau mota biyu kafin in isa. A ƙofa na ce wa maigadin wajen Kunne na zo. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wane ne kuma Kunne?" Na faɗi cikakken sunan Baba, ya ce shi lamba ya sani. Sai da ya duba wata doguwar takarda kafin ya gano shi, ya ba ni kati na rataya a wuya, ya nuna mini hanya.

Wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Fili, haske, ƙasa tas, kekuna sun kai ɗari uku. Saman kowane keke akwai ɗan jan ƙwan fitila. A gefen bango akwai benci, makanikai biyar na zaune a jere cikin shuɗiyar riga iri ɗaya, Baba ne na ƙarshe. Bai tsaya a bakin ƙofa ba, bai goya hannu ba. Yana zaune ya zuba wa ƙasa ido. Na kira shi sau biyu bai juyo ba. Da na matso sai na ga auduga cushe a kunnuwansa biyu.

Ana cikin haka aka buga ƙararrawar hutun rana, kekuna suka yi tsit. Ya ɗago ya gan ni, ya yi sauri ya zare audugar ya tura a aljihu. Muka fita bayan gini muka zauna a kan wani dakali.

Na ce, "Baba, kunnenka ke ciwo? Me ya sa ba ka faɗa ba? Ai da na duba maka."

Ya yi 'yar dariya. "Lafiyarsa ƙalau. Lafiyar ce ma ta yi yawa."

Sai ya yi mini bayani. A nan makanike ba ya taɓa keke sai tela ya danna maɓalli jar fitila ta kama. In ta kama ma ba gyara ake yi ba: ka kwance kan keken gaba ɗaya, ka ɗora wani, ka cike fom, ka tura wancan sito. Ya ce a makonsa na farko ya ji wani keke na shirin karya allura, ya je ya ce wa yarinyar ta ɗaga ƙafa, ya gyara cikin minti biyu. Kashegari aka ba shi takardar gargaɗi saboda ya tsayar da layi ba da izini ba. Aka ce in ya sake, ƙofa a buɗe take.

Ya nuna ginin da haɓa. "Kin ga layi na tara, na huɗu daga taga? Tun shekaranjiya yake kuka. Ɗigon mai biyu kawai yake nema. Ina jin sa, ban isa in je ba. Sai ya lalace gaba ɗaya, ya ɓata wa matar nan aikin yini, sannan a kira ni. In na zauna ina saurare, Uwata, ƙirjina ke zafi. Shi ne na ce gara in toshe."

Shekara biyu ina yawo ina bugun ƙirji, ashe ban taɓa tambayarsa yadda yake yini ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "Ka koma tsohon wurin. Za su karɓe ka hannu bibbiyu. Ni zan nemi aiki, in ya so in ƙarasa karatun daga baya."

Ya haɗe rai, abin da ba ya yi mini. "Kada in ƙara jin wannan magana. Kina zaton ban san abin da mai kamfanin can yake yi ba? Na sani tun kafin ki iya magana. Allon katako ya fi ƙarin albashi araha, ai ni ma na iya lissafi. Ba allon ya zaunar da ni ba. Matan nan ne da in na shigo suke ɗagowa, da kekunan da na san muryar kowane. Can sun san ni, ba su biya. Nan suna biya, ba su san ni ba. Da da hali da na haɗa biyun, to ba a ba ni ba. Na ɗauki wanda zai kai ki inda za ki." Ya goge tabarau ɗin da gefen riga ya sa. "Saura wata goma sha takwas ki gama. Na iya zama a benci."

Ya zauna kuwa, har ya zarce, domin ƙanwata ma ta biyo baya. Yau shekarata tara ina aikin jinya, kuma duk abin da hannuna ya iya, daga bencin nan ya fito. In abokan aiki suna gardama a kan yabo da albashi wanne ya fi, ni da nake da baki a kan komai sai in yi shiru. Na ga mutumin da aka sa ya zaɓa, na kuma san don wa ya zaɓa.

A ranar dai muna nan zaune a kan dakalin. Aka sake buga ƙararrawa. Ya miƙe, ya ciro audugarsa ya murza ya tura a kunne, ya nufi ƙofar zauren. Kekuna suka tashi gaba ɗaya.

Na ce, "Baba, na gode."

Bai ji ba, yana ta tafiya. Na bi shi da gudu har cikin zauren, mutane na kallona, na kama hannun rigarsa. Na sa yatsa na zare audugar kunnensa na dama, na kai bakina daidai wurin, na faɗa da ƙarfi, ina kuka, "Na ce na gode, Baba. Na ga abin da kake yi. Allah ya saka maka da alheri."

Ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallona ta cikin tabarau, idonsa ya kaɗa. Sannan ya buɗe tafin hannunsa.

"Na ji, Uwata," ya ce. "Ba ni abata, an kunna kekuna."