Kwaɗon da Baba Ya Jira

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, basarke ne. A bakin kogi aka haife shi, can ƙasar Yawuri, kuma ya fi shekara hamsin yana su kafin ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yayana ya ɗauko shi ya kawo shi Abuja, gidan da ya gina a bayan Tungan Maje, ni kuma na tattara nawa ya nawa na dawo gidan don jinya, tunda makarantar da nake koyar da kimiyya ba ta da nisa. Wata shida muna ɗagawa muna kwantarwa. Sai likitar motsa jiki ta ce da zai samu ya riƙa tsayawa cikin ruwa, ruwan zai ɗauke masa nauyin jiki, wataƙila ƙafar ta tuna tafiya. Ta ƙara da cewa kada mu yi sanya, don jijiya in ta sandare, ta sandare ke nan.

Yaya ba a faɗa masa magana sau biyu. Kafin wata biyu an haƙa bayan gida, an zuba kankare, an shafe da farin siminti. Wurin iyo ne ɗan madaidaici, zurfinsa iya ƙirji, da matakala masu faɗi da ƙarfen riƙewa. Na gishiri ya sa aka yi, saboda warin kilorin mai ƙarfi yana tayar wa Baba da tari. A irin wannan, gishiri ake narkawa a ruwan, wani ɗan inji ya riƙa mayar da shi kilorin kaɗan-kaɗan. Baba ya leƙa daga kan kekensa ya ce, "Uwata, kwatarniya yayanki ya gina mini?" Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci. Wurin kuwa sunan da ya bi shi ke nan, kwatarniya.

Mai haɗa injin wani mutumin Filato ne, mai fara'a, da Hausarsa ta Abuja. Ya miƙo mini akwatin gwaji ya ce, "Madam, ke tica ne, ba sai na yi dogon turanci ba. Siminti sabo ne. Sati huɗu kar ki sa gishiri. Kullum ki gwada, ki sa asid, ki goge bango. In kin yi gaggawa bango zai lalace, oga zai kama ni."

Na karɓa ina hura hanci. Ni da nake koya wa yara wannan abu a allo, wa zai koya mini?

Ranar farko ruwan ya ba ni kunya. Daga burtsatse muka cika, garau da shi, ina zuba kilorin na fari sai ya koma kalar shayi. Ƙarfen da ke narke a ruwan ƙasar nan ne ya fito fili. Kwana huɗu injin tacewa yana aiki kafin ya washe. Na ga gefen bakin Baba mai lafiya yana motsi, yana danne dariya.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya, har yanzu in na tuna su sai in ga kamar safiya guda ce mai tsawo. Bayan sallar asuba in turo keken Baba ƙarƙashin bishiyar mangwaro, in durƙusa in ɗebo ruwa a 'yar kwalba, in ɗiga jan magani ɗigo biyar, in girgiza, in ɗaga wa hasken gabas. Kalar da nake nema tana tsakanin ruwan lemo da ja. Kullum sai ta zarce ta yi shunayya, domin sabon siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa, awon da muke kira pH ya yi ta hawa. Sai in sa safar roba har gwiwar hannu, in sa tabarau, in ɗaure hanci da gefen mayafi, in auna asid in tsiyaya a bokitin ruwa, in zagaya ina zubawa. Sannan buroshi mai dogon hannu. Duk inda na goga sai farin gari ya tashi a ƙarƙashin ruwa, ya yi ta birgima a hankali kamar an dama koko. Nakan shagala da kallonsa har hannuna ya tsaya. Hazo yana sauka daga duwatsu, motocin kayan marmari suna wucewa Zuba can nesa, ni kuwa ina ganin kaina ina 'yar shekara shida a gaban kwalekwale, Baba ya faɗa kogi ya kwanta rigingine a kan ruwa, hannuwa a baje, yana kallon sama kamar wanda ya samu katifa.

Ina son safiyoyin nan. Ina kuma jin tsoronsu, don kowace ta wuce da kwana ɗaya daga cikin kwanakin ƙafar Baba.

Sati huɗu suka cika. Muka farke buhunan gishiri, fari tas, mara haɗi, muka zazzage. Ya kwanta a ƙasa tsibi-tsibi, na yi ta tura shi da buroshi har ya ɓace. Kwana ɗaya ruwa na zagayawa, sannan aka kunna injin. Washegari komai ya zauna daram: gishiri daidai, kilorin daidai, kalar nan da na yi wata ina farauta ta fito a kwalba. Ruwan ya yi garau har in ka jefa allura za ka gan ta. Na lakata na ɗanɗana, ɗan gishiri-gishiri kamar hawaye.

Yaya ya fasa zuwa ofis. Muka turo Baba har bakin matakala. Ya dubi ruwan ya daɗe, sannan ya ce, "Ba ni shiga."

Na ce, "Baba, lafiyayye ne. Na auna."

Maganarsa tun ciwon a hankali take fita, amma ba ta ɓata hanya. "Sati huɗu ina kallonki kina zuba abin da ke da kanki ba ki yarda ya taɓa hannunki ba. Har hanci kike toshewa. Yanzu ki ce in sa jikina?"

Na buɗe baki zan yi masa darasi, ya ɗaga hannun dama. Ya ce a wajensu in marasa tsoron Allah suka daka majimfa, ganyen nan mai kashe kifi, suka zuba a tafki, bayan kwana biyu haka ruwan yake komawa: garau, shiru, ba ko ƙwaro. Ya ce ubansa ya hore shi, duk ruwan da bai sani ba, ya tsaya ya duba ko akwai mai rai a ciki. "Ruwan da kwaɗo bai shiga ba, ni ba ni shiga."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata guda ina shaƙar asid saboda shi, ashe a idonsa guba nake dafawa. Kuma laifina ne, ni na riƙa ajiye shi a gaban abin kullum ba tare da na ce masa uffan ba. Na shiga ruwan da kayana, na tsaya, na kurɓa a gabansa. Ya ce, "Ke 'yar boko ce, ba a shaida da ke."

Kwana tara muna haka. Likita ta zo ta lanƙwasa ƙafar, ta dube ni, na gane lokaci yana ƙure mana.

Mutumin Filato ne ya kawo shawara. "Madam, kwaɗo ne matsala? Akwai su plenti a kwalbati." Kunya ba ta hana ni ba. Da sassafe ya kawo wani ƙato a leda, muka sake shi a ruwa, na je na turo Baba ina ta salati kamar abin ya ba ni mamaki. Kwaɗon kuwa sai hawan bango yake, yana zamewa, yana sake haurowa.

Baba ya kalle shi, ya kalle ni. "Wannan kawo shi aka yi. Wanda ya zo da ƙafarsa ba ya neman ƙofa haka. Fitar da bawan Allah, Uwata. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

Na fitar da shi da raga, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Bayan kwana uku hadarin farkon damina ya haɗo daga wajen Zuba da la'asar. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta, injin ya tsaya. Da gari ya waye na turo Baba muka fito, na tarar da aikina ya wargaje. Ruwan ya cika har baki, ya yi ɗan duhu, ganyen mangwaro yana yawo a kai, sama duk ta sauko ta kwanta a ciki. Na gwada. Gishiri ya ragu, kilorin saura kaɗan, kalar ta kauce. Ba abin da zai cuci mutum, amma da ɗalibina ne ya kawo mini wannan sakamako da na ce ya sake. Na ɗauko jarkar maganin ruwa da safar hannu ina ƙunƙuni.

"Uwata," in ji Baba daga ƙarƙashin mangwaro. "Dubi matakala ta biyu."

Wani ɗan kwaɗo ne kore, bai fi babban yatsa ba, ya zauna rabin jikinsa a ruwa, maƙogwaronsa yana bugawa. Ya tsunduma, ya yi iyo har tsakiya ba gaggawa, ya tsaya ya baje ƙafafu.

"Kira yayanki."

Na dubi jarkar da ke hannuna. Na san abin da littafi ya ce: a gyara, a jira, a sake gwadawa. Na ajiye ta bayan bishiya, na tuɓe safar.

Mu biyu muka sauko da shi, Yaya a dama, ni a ɓarin da ya mutu. Ya yi bisimilla. Ruwa ya kama idon sawu, ya kama gwiwa, ya kama ƙugu, nauyin da na saba ɗauka wata tara ya riƙa raguwa a kafaɗata har na ji kamar riga kawai nake riƙe da ita. Ya tsaya. Ya ɗebi ruwa da hannun dama ya shafa a fuska, ya lashi leɓe, ya ce, "Yanzu gishirin ya yi daidai." Ban yi gardama ba. Ina kallon ƙasa, na ga ƙafar hagu ta ja kanta gaba kamar tsawon ɗan yatsa. Yaya ya juya fuskarsa gefe.

Kwaɗon ya matso kusa. Baba ya tallafe shi a tafin hannu ya ɗora a bakin siminti ya ce, "Jeka, ka gama naka."

Sai ya fara jingina baya, yana ba ruwan ƙeyarsa. Na ƙanƙame shi da hannu biyu. Mutumin da ko juyi a gado ba ya yi sai da ni.

"Uwata," ya ce, idonsa a sama. "Sake ni."

Na sake shi, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ruwan ya karɓa.