Waya Ba Ta San Kara Ba

Matata haifaffiyar Agege ce, ni kuwa zuwa na yi daga Arewa, na kama dillancin fata a kwata. A shagon hayar kaset na fara gane ba hali ɗaya gare mu ba. Wani ɗan akurki ne kusa da layin dogo, mai shi kuma in ka mayar da fim sai ya tambaye ka, "Ya ka gan shi?" Abin da mutane suka faɗa shi yake tarawa a ka, da shi yake sanin wanda zai miƙa wa na gaba. Ni amsata ɗaya ce kullum, "Ba laifi," ko da tun farkon fim ɗin barci ya kwashe ni. Ita kuwa sai ta dire kaset a kan tebur ta ce, "Wannan ko kyauta aka ba ka an cuce ka." Kunya kamar in nutse. Amma ita ake ɓoye wa masu kyau a ƙarƙashin tebur, ni a haɗa ni da tarkace.

Da zamanin kaset ya wuce, haya ta koma cikin waya. Ka biya na wata, ka kalla, in fim ya ƙare taurari biyar su fito suna jiran hukuncinka. Nan ma ba ta sauya ba. Na taɓa ganin ta danna ɗaya tak, na ce, "Haba baiwar Allah, mutane sun sha rana sun yi abu, ki ba su ɗaya?"

"Oga, abeg," in ji ta. "Waya ba ta san kara ba. Ka ce mata ba laifi, gobe ta ƙaro maka irinsa."

Ita ta yi mini bayanin yadda abin yake. Wai akwai waɗansu can da ba su san juna ba, abin da ta ƙi sun ƙi, abin da ta so sun so, in suka yaba wani sabo sai a kawo mata. Ƙawayenta take kiran su. Na ce ƙawayen da ko biki ba su taɓa zuwa ba, ta ce sun fi wasu da ke zuwa.

Lahadi bayan la'asar muke kallo, yawanci finafinan Yarbawa. Yarbancina na ciniki ne da ɗan zagi, saboda haka ita ke fassara mini. Muguwar tafinta ce, sai ta gama dariyarta tukuna, ina ta "Me ya ce? Me ya ce?" sannan ta ba ni rabi.

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. 'Yan ta'aziyya suka watse, ɗakin ya yi mini faɗi. Wata Lahadi na buɗe wayarta, sai ga jerin finafinan da aka zaɓo mata, duk irin nata, kamar ta rufe mini abinci ta fita unguwa. Na yi kuka sosai ran nan. Na ci gaba da biyan kuɗin wata, ina kallo ɗaya bayan ɗaya, kowanne in ba shi biyar. A ganina daga hannunta ya fito, kuma ba a kushe kyauta.

A hankali jerin ya fara sauyawa. Faɗa, tseren motoci, wasu da ban san ko na wace ƙasa ba ne. Wata rana na duba daga sama har ƙasa, babu ko ɗaya da za ta iya zama ta kalla. Wayar ta daina ganin ta, ni take gani, mai "ba laifi", ta koma haɗa ni da tarkace. Ƙawayen nan nata ma sun ɓace mini.

Sai na koma kallo da idonta. In fim ya ƙare in tambayi kaina me za ta ce. Danna tauraro ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne a wurina, sai ina neman afuwar 'yan wasan a zuci. Wani lokaci sai na faɗa da ƙarfi, "Ko kyauta an cuce ka," sannan in iya. Maƙwabta ƙila sun ce na fara taɓuwa.

An ɗauki lokaci, amma ta dawo cikin jerin. Wata Lahadi aka kawo mini wani fim na Yarbawa a saman jeri, ina ganin hoton na san nata ne. Wata mai sayar da barkono ce ke rigima da kwandastan motar haya ta danfo a kan canji. Ta gaya masa wata magana, duk motar ta tuntsire da dariya, har direba. Ni ma na yi murmushi, na juya dama na ce, "Me ta ce?"

Fanka kawai ke juyawa. Na kalli fim ɗin har ƙarshe ban gane ba, taurarin suka fito suna jira. Ban san ko nawa za ta ba shi ba, kuma babu wanda zan tambaya.