Ɓerayen da Muka Bari a Gwiwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano a motar ma'aikata, ni da direba da likitan da nake yi wa aiki a ɗakin gwajin jini. Gwiwa muka nufa, ɗauko ɓeraye. Ku yi dariyarku, direban ma ya yi tasa har ya gaji.

Ga yadda abin yake. Bara an yi wa yaran Gwiwa allurar ƙyanda, amma da bazara ta zo wasunsu suka kamu, har aka rasa rayuka. Aka ɗora laifin a kan mai allurar garin, wani dattijo da ya tsufa a kan aikin, wai ya bar magani ya lalace a rana. Likita bai yarda ba. Shi a ganinsa, jikin da ya sha fama da tsutsar ciki da ruwan tafki ba lalle ya karɓi allura kamar jikin ɗan birni ba. Shi ya sa aka aike ni da fararen ɓerayenmu, waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba, su yi wata biyu a gindin rumbun dattijon, su ci abin da ake ci, su sha abin da ake sha. Daga nan a yi musu allura, a auna garkuwar jininsu, a gwada da ta 'yan'uwansu na ofis. In ta yi ƙasa, dattijo ya sami abin kare kansa.

Kwalta sabuwa fil har Kazaure, arzikin man fetur ya fara leƙowa, tifofi sai wucewa suke da tsakuwa. A tasha muka karya da ƙosai da koko, tun da naira ta zo ƙosan ya ƙanƙance. Daga nan sai burji da taɓo. Gero ya fid da kai, duwatsu sun yi kore shar, sau biyu muna tsayawa garken Fulani ya tsallaka.

Da hantsi muka isa. Dattijo ya tarbe mu da fura mai sanyi, sannan ya ja mu, ba wajen rumbu ba, turakarsa. Ga kejin a kan tebur, lulluɓe da gidan sauronsa.

"Ranka ya daɗe, ko ɗaya bai mutu ba," ya ce da likita. "Ruwa sai na tafasa na tace. Dawa sai an wanke. Ni ma zaure na koma da kwana."

"Baba, ai gindin rumbu aka ce."

"Haba likita! Amanar hukuma a cikin ƙazanta? Ni da ake cewa na yi sakaci, in ɗaya ya mutu a hannuna me zan ce?"

Wallahi laifina ne. Ni na kawo su, na ce a ajiye su a can a kula da su, amma nauyinsa ya hana ni in gaya masa cewa aikinsa ne ya rataya a kan su sha dauɗa. Ɓerayen nan sun fi na ofis tsabta. Gwaji ya tashi a banza.

Ya raka mu har mota da ƙwan zabi a ƙwarya. "Ɗana, na dai riƙe amana ko?"

"Ka riƙe, Baba," na ce, ban iya kallon idonsa ba.

La'asar sakaliya muka shigo Kano. Abin da na koya a tafiyar nan mai ɗaci ne: kunyar da na ɗauka ladabi ce, ita ta cuci mutumin da nake girmamawa. Ranar Litinin manya za su zauna kan maganar sallamarsa, babu sauran wata biyun da za a sake gwajin. Likita zai je ya roƙa da baki kawai. Ni kuwa gobe zan koma Gwiwa, don bai kamata ya ji cewa gwajin ya lalace daga bakin kowa ba sai nawa.