Kaset ɗin Baba Jibo a gonar shinkafa

Jama'a, yau na ga abin takaici!

Kun san Baba Jibo, makaɗin 'yan kokawar Haɗejiya, ya rasu makon jiya. 'Ya'yansa suka roƙe ni kaset ɗin kiɗansa da babanmu ya ɗauka tun farkon zuwan rikoda. Shi kaɗai ya rage!

Na buɗe akwati, sai kwanso, babu zare!

Na kira ƙanena Sabo. Ya ce, "Yaya, zo fadama."

Ina zuwa, ga zaren an ja shi sanda zuwa sanda a gonar shinkafa, yana ta walƙiya!

Na ce, "Sabo, muryar Baba Jibo ce fa!"

Ya ce, "Tsuntsaye ne suka ishe ni, Yaya."

Tsuntsayen kuwa ko gezau, wallahi a ƙarƙashinsa suke cin shinkafar!