Ranar da Inna ta Hau Dandamali

Da aka rufe silimar da muke zuwa a Omdurman ta Sudan, samarin unguwar Umbadda suka mai da wani fim ɗin Indiya da muke ƙauna wasan kwaikwayo. Yayana ne zai fito a matsayin ɗan da ya ɓace. Hankalina ya ƙi kwanciya, don a ƙarshen fim ɗin uwa ke rungume ɗanta, kuma a zamanin mulkin soja mace ba ta rungumar wanda ba muharraminta ba a bainar jama'a. In an yi, a hana wasan. In an cire, me ya rage?

Sai Yaya ya roƙi Inna, mahaifiyarmu, ta fito da kanta. Na yi ta biya mata abin da za ta faɗa, tana mantawa.

Ranar wasa Yaya ya shigo cikin tsumma, Inna ta manta duk abin da na biya mata. Sai ta ƙanƙame shi ta ce, "Ya waladi, ɗana, dubi yadda ka rame! Wa ya ba ka wannan rigar?"

Mata suna dariya suna share hawaye. Da aka ce a maimaita ranar Alhamis, Inna ta ce sai an wanke rigar.