Malama Da'ira da Jan Ɗigon da Ya Sauka a Rufinmu

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga ofis, tun mai shara bai gama ba. Ta rataye mayafinta a bayan kujera, ta goge tabarau, ta kunna kwamfuta, sannan ta jawo littafinta mai baƙin bango da guntun fensir. Shekara goma sha tara ke nan haka take yi a kamfanin da ke raba wa garinmu intanet, a ɗakin ƙarshen baranda inda fanka ke kuka kamar za ta faɗo.

Aikinta, in aka kwatanta maka, sai ka yi hamma. Duk wayar da ta hau intanet ana ba ta lamba, ita ake kira lambar IP. Akwai kamfanonin da ke tara lambobin nan su jera, su ce wannan tana gari kaza, waccan tana unguwa kaza, su sayar wa mai so. Kai ma da kake zaune, akwai shafukan da za ka zuba lamba su nuna maka jan ɗigo a taswira. Ita kuwa nata shi ne ta gano ko jerin gaskiya yake faɗa. Kullum sai ta tsamo lamba ɗari biyu da ta san inda suke ido da ido, na makarantu da shagunan da kamfaninsu ya ja wa waya, ta gwada da abin da jerin ya ce. Wanda ya kauce, ta auna nisan kaucewar ta rubuta. Duk wanda ya kawo mata ɗigo, tambayarta ɗaya: "Ina da'irarsa?" Nufinta, faɗin wurin da mai lambar zai iya kasancewa a ciki, taku ɗari ne ko kilomita hamsin? Shi ya sa abokan aikinta suka laƙaba mata Malama Da'ira, ita ma har amsawa take yi.

Ni ba abokiyar aikinta ba ce. Ni ce wadda ta taɓa korar ta daga ƙofar gida, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Gidanmu ƙarami ne, ni da Baba kawai muka rage a ciki. Tsohon kafinta ne, hannunsa ya fara rawa ya ajiye zarto, sai zama a kan benci a ƙofar gida yana tsokanar masu wucewa. Shekara uku da suka wuce baƙi suka fara zuwa mana. Kowa da waya a hannu, kowa da jan ɗigo a kan rufinmu. Wannan ya ce daga gidanmu aka yaudare shi, wancan ya ce daga nan aka zage shi a intanet. Baba da wayarsa mai madannai ce, ko hoto ba ta ɗauka! Sau biyu 'yan sanda suka birkice mana ɗakuna, har katifa suka farke. Maƙwabta suka fara janye 'ya'yansu in sun zo wucewa. Ni kuwa na koma in aka buga ƙofa sai in tsaya riƙe da ludayi, in kasa zuwa buɗewa.

Ana cikin haka, wata Asabar da hantsi, sai ga wata dattijuwa mai tabarau tsaye tana kallon rufinmu, tana kallon waya. Wallahi ban bari ta yi sallama ba.

Na ce, "Ke kuma me aka sace miki? Tsofai-tsofai da ke, ba ki da aikin yi?"

Ta ce, "'Yata, ba ƙara na kawo ba. Mutane na zuwa muku, ko?"

Na ce, "Ga ki nan kin zo ai. Kama gabanki!"

Ba ta yi fushi ba. Ta yage takarda daga littafinta, ta rubuta lambar wayarta, ta miƙa wa Baba da hannu biyu. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri. In wani ya sake zuwa, a kira ni kafin a buɗe ƙofa." Baba ya soke takardar a hularsa, ni kuwa na bi ta da tsaki.

Sai daga baya na ji abin da ya kawo ta. A gwajinta na kullum ta lura lambobi suna ta faɗawa wuri guda, ta bi diddigi, ta tarar da lamba sama da dubu sittin duk a kan ɗigo ɗaya. Ashe masu jerin, in sun san garin da lamba take amma ba su san unguwa ba, sai su ajiye ɗigon a tsakiyar garin. Na'ura ce ta lissafa tsakiyar, lissafin kuma ya sauka a kan kwanon rufinmu. Shugabanta ya ce wannan matsalar masu jerin ce, ba tasu ba. Ita ta ce sai ta ga abin da ke ƙarƙashin ɗigon da idonta.

Kwana tara bayan nan, ranar Litinin da azahar, mota ta tsaya da ƙarfi a ƙofarmu. Maza huɗu suka fito. Babbansu idonsa ja wur, yana riƙe da ƙarfen cire taya. Ashe wani ne ya yi wata biyu yana aika wa 'yar mutumin nan saƙonnin barazana, har da hoton ƙofar makarantarsu, yarinyar ta daina fita. Uban ya samo lambar IP ta mai aika saƙonnin, ya zuba a shafi, ga shi ya zo. Suka ɗaga Baba daga benci da wuyan riga, hularsa ta faɗi. Layinmu ya cika da mutane, ba wanda ya hana su. Na ji wani daga baya yana cewa, "Dama mun faɗa." Da rarrafe na kai ga hular, na zaro takardar, sau uku ina kuskuren danna lambar.

Minti ashirin Malama ta yi kafin ta iso, kuma ban taɓa ganin minti ashirin masu tsawon waɗannan ba. Baba yana jingine da bango, leɓensa ya fashe, yana ta cewa, "Uwata, shiga ciki. Shiga ciki mana." Haka yake kira na.

Ta sauko daga tasi ko mayafinta ba ta gyara ba, ta ratsa taron, ta tsaya tsakanin Baba da ƙarfen. Ita ma tsoron take ji. Amma ta dubi mai ƙarfen ido cikin ido.

Ta ce, "Bawan Allah, ni ma uwa ce, na san abin da ke cin ka. Alfarma ɗaya nake roƙo. Maiɗakinka tana gida?"

Ya ce, "Ina ruwanki da matata?"

"Gidanka ya kai nisan kilomita nawa daga nan?"

Ƙaninsa, ɗaya daga cikin mazan, ya amsa, "Ya fi goma."

Ta ce, "To kira ta. Ta buɗe shafin nan da ka yi amfani da shi, ta duba lambar IP ta wayarta ita kanta, ta turo maka hoton abin da ta gani. In ban yi gaskiya ba, ga ni, ga tsohon."

Ya kira. Muka tsaya cirko-cirko muna jira. Ni dai addu'a nake, don in waccan lambar ta faɗa wani wuri, shi ke nan mun kaɗe. Ita ma daga baya ta gaya mini ba ta da tabbas, ta dai san lambobin unguwanni da yawa nan suke faɗawa. Wayar ta yi ƙara. Mutumin ya duba, ya ƙara dubawa, ya ɗaga kai ya kalli rufinmu. Jan ɗigon matarsa yana zaune daram a kan gidanmu.

Malama ta ce a hankali, "Ita ma a ɗakin Baba take?"

Ƙarfen ya sulale daga hannunsa. Ya durƙusa a gaban Baba yana kuka kamar yaro. Ita ce ma ta ɗaga shi, ta rubuta masa ofishin da zai kai ƙara da abin da zai nema, don a bi lambar ta hanyar da ta dace.

Malama Da'ira, ke ce kika yi wata goma sha ɗaya kina rubuta wa masu jerin wasiƙa, suna yi miki shiru, kina sake rubutawa, kina haɗawa da shafukan littafinki. Ke ce kika bi su ɗaya bayan ɗaya har suka ɗauke ɗigon daga kanmu suka kai shi tsakiyar ruwan madatsa da ke bayan gari, inda ba ƙofar da za a buga, suka kuma zana masa da'ira mai faɗin gari. Mai auna abin da kowa ya ɗauka an gama aunawa. Ba wanda ya sa ki, ba wanda ya yi miki tafi, ni ma da zagi na fara biyan ki. Na gode, na gode, Allah ya saka miki, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba, da tsoro nake wannan rubutu. Ta gaya mini duk wata masu jerin suke sabunta shi, kuma sau biyu ɗigon ya dawo kanmu cikin kuskure. Duka biyun ita ta gani a gwajin safe, ta sa aka mayar da shi kafin kowa ya iso ƙofarmu. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. An ce ba za a ɗauki wani a gurbinta ba, wai na'ura za ta riƙa dubawa.

Ku da kuke wannan aiki, ko a ina kuke, ku yi koyi da ita. Kada ku miƙa wa kowa ɗigo ba da'ira. In kun ga lambobi sun taru a wuri guda, ku tashi daga kujera ku je ku ga wanda ke zaune a wurin, don mutum ne, yana da 'ya, yana da haƙarƙarin da ƙarfe zai iya karyawa.

Jiya na gaya wa Baba Malama za ta ajiye aiki. Sai ya ce, "To, Uwata, wa zai riƙe mana abin nan a cikin ruwa?"

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an riga an sami wani.

Ƙarya na yi wa mahaifina. Don girman Allah, wani a cikinku ya mayar da ita gaskiya.