Uwar 'Ya'yan Wasu: Ga Mahaifiyata Hajiya Uwa Shahuci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran mahaifiyata, Hajiya Uwa, a gidanta da ke Shahuci, bayan jinyar sati uku. Kafin magariba an kai ta makwancinta a Goron Dutse. Ni ce Sa'ida, 'yarta ta fari, kuma ni kaɗai ta haifa. Ban sami ganinta da rai ba.

Yaya, haka na tashi ina kiranki, domin kunyar 'yar fari ba ta bari ki amsa mini sunan uwa ba. Yara tara kika riƙa a ɗakin nan naki, dukkansu Inna suke ce miki, kina amsawa da fara'a. Ke kuma ba ki taɓa kama sunana ba. "Waccan" nake, ko "ke yarinya", har na yi furfura.

Duk Shahuci an san ɗakinki ba ya mayar da yaro. Luba, 'yar ƙanwarki, tana wata huɗu uwarta ta rasu, kika goya ta har ta yi tafiya. Kabiru daga ƙauye aka kawo shi da baƙon dauro, idonsa ya rufe, mutane sun fara cire rai. Kwana goma sha biyu kika yi a kansa kina ɗiga masa kunu da cokali, tuyar ƙuli-ƙulin da muke ci da ita ta tsaya cak. Yau Kabiru malamin makaranta ne, ya yi kuka a wurin jana'izarki kamar ƙaramin yaro. Ban taɓa jin kin goranta wa ɗayansu abin da kika yi masa ba.

Wannan duk gaskiya ne, kuma zan faɗe shi a gaban kowa. Amma ni ma a ɗakin nan na girma, Yaya. In nama ya yi kaɗan, kwanona ne ba ya samu. In muka yi faɗa da Luba, ni ake duka tun kafin a ji ba'asi. Na taɓa jin maƙwabciyarmu tana yi miki magana a kan haka, kika ce, "Waɗannan amana aka ba ni, gobe za a tambaye ni. Waccan kuwa tawa ce, ina za ta?" Ina bayan ƙofa na ji. Shekarata tara, ban gane cewa akwai so a cikin maganar ba, kuma ko da na gane ban jin zai ishe ni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wankan jego. Sati ɗaya muka haihu ni da Luba, dukkanmu haihuwar fari, dukkanmu muka dawo gida kamar yadda aka saba. Da hannunki kika dafa mata ruwa, kika yi mata wanka kwana arba'in, kika dama mata kunun kanwa. Ni aka miƙa ni sashen Goggo, abokiyar zamanki. Kowa ya yaba miki, aka ce Hajiya Uwa akwai kara. Shekara ashirin da shida na haɗiye wannan magana, sai a watan Afrilun bana, a kan wani ɗan saɓani da bai kai ya kawo ba, ta kuɓuce mini. Na ce miki ke uwar kowa ce ban da ni. Kika ci gaba da tsince shinkafarki. Na ɗauki mayafina na fita.

Daga gidana a Dala zuwa Shahuci bai fi tafiyar minti goma a adaidaita ba. Wata bakwai ban taka ba.

Da ciwo ya yi tsanani Luba ta kira ni a waya ranar Talata. Ta ce, "Yaya Sa'ida, jikin Inna fa ya ƙi. Ki zo."

Na ce, "Ita ta ce in zo?"

Ta ce, "Haba Yaya Sa'ida, kin fi kowa sanin ba za ta iya faɗa ba."

Na sani ɗin. Amma sau ɗaya tak a rayuwata na so ki neme ni da bakinki. Na ce zan shigo ranar Juma'a.

Luba ta ce da safiyar Alhamis kin sa an tara su. Kika bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, har waɗanda suke nesa, kika ce kin yafe masa, shi ma ya yafe miki. Da kika gama da na taransu sai kika daɗe kina kallon ƙofa, bakinki yana motsi, ba abin da ya fito. Luba ta rantse wannan shirun nawa ne. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma numfashi ne ya gagare ki. Ba wanda zan tambaya, kuma haka zan zauna da shi har a sa ni a nawa kabarin.

Ya Allah, Ka ga marayun da ta rufa wa asiri, Ka rufa mata nata. Ka yalwata kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka ba ta Aljannar Firdausi. Kada Ka kama ta da komai a kaina, na yafe tun daga kwanon nama har wankan jego.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Luba, da Kabiru, da sauran 'yan'uwana bakwai, da Goggo, da dukkan mutanen Shahuci. Allah Ya ba ku haƙuri, kun yi rashin uwa, kuma kun rabu da ita lafiya. Ni ku roƙa mini gafara, domin ni ban ji tawa yafiyar ba.